Wa Ke Kwashe Sharar Rijiyar Zaki, Kuma Nawa Ake Biyansa?

A watannin farko na 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta sanar da cewa ta biya masu sharar titi da sauran ma'aikatan tsaftar muhalli su 2,369 bashin haƙƙinsu na wata 9, kuɗin da ya kai kusan naira miliyan 426. Biyan bashi abin a yaba ne, kuma an yaba. Sai dai duk wanda ya zauna ya raba kuɗin nan zai ga abin da sanarwar ba ta tsaya a kai ba: N20,000 ne rabon kowane mutum a wata. Wannan kuwa a jihar da ta amince da N71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi tun watan Oktoban 2024. Mai shara ba ta samun ko kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati da kanta ta ce shi ne ƙarshen ƙanƙantar albashi. Idan aka raba N20,000 a kwana 30, bai cika N700 a rana ba. Daga ciki za ta hau adaidaita sahu in wurin aikin da nisa, daga ciki za ta sayi awo, kuma ko wannan ɗin sai da ta yi wata 9 tana jira.

Waɗannan su ne ma waɗanda sunansu ke cikin takarda. Mafi yawan masu ɗaukar sharar Kano ba su cikin kowace takarda, kuma babu inda mutum zai fi ganin haka kamar unguwannin bakin gari irin su Rijiyar Zaki.

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo, a kan titin Gwarzo, hanyar da ke wucewa ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Dattawan wurin sun san ta tana gonaki, dawa da gero da gyaɗa, da ɗorawa da kuka a tsakaninsu. Yau gari ya cim mata. An yanka gonaki an mayar filaye, an gina gidaje da shaguna da makarantu, tasha tana cike dare da rana, amma da ka ɗan nausa ciki sai ka tarar da kangon gini a nan, gonar da ba a kai ga sayarwa ba a can. Ungogo tana da mutum sama da dubu 360 a ƙidayar 2006, kuma tun daga lokacin ƙaruwa take yi ba ƙaƙƙautawa. Gidaje sun riga tsari zuwa. An yanka fili an bar wurin masallaci, wani lokaci an bar na makaranta, amma da wuya ka ji an ce ga wurin da aka ware wa bola. Motar hukuma tana iya bin babban titi. Lungunan ciki, masu yashi da rani da taɓo da damina, ba ta shigarsu. To wa ke fitar da sharar dubban gidajen nan kowace safiya?

Kafin a amsa, yana da kyau a tuna cewa a wannan ƙasa shara ba ta taɓa zama abin da ake rasa yadda za a yi da shi ba sai a 'yan shekarun nan. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkosa a karkarar Afirka ta Yamma, kuma manomanta sun shekara aru-aru suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba. Taki ne ya riƙe su. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya bi diddigin wannan tun shekarun 1960. Abin da aka ƙirga a ƙarshen shekarun 1960 da farkon shekarun 1970 ya nuna cewa da rani jakuna sama da dubu ke fita daga ƙofofin birni kowace rana ɗauke da taki. Da safe jaki ya shigo da itace ko kara ko hatsi, da yamma ya koma da mangala cike da toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida. Birni ya tsarkaka, gona ta ƙoshi, mai jaki ya ci riba sau biyu. Babu wanda yake kallon mai kwasar bola a matsayin abin tausayi, domin kaya yake ɗauka masu daraja, har rububinsu ake yi.

Daga baya tifa ta maye gurbin jaki. Wani bincike da Chris Lewcock ya buga a 1995 ya tarar manoman gefen Kano suna biyan direbobin motocin shara don a juye musu a gona, kuma buƙatar ta fi abin da ake samu. A binciken nan ne kuma aka ji kukan da har gobe manoma ke yi, wato leda. Wanda ya zaga gonakin bayan Rijiyar Zaki a watan Afrilu ko Mayu, kafin saukar ruwa, zai ga tsibi-tsibin taki an jera, kowane tsibi yana walƙiya da ledar fiya wata da baƙar leda da fasassun kwalabe. Manomi da 'ya'yansa sukan durƙusa da manjagara suna tsincewa, su tara su banka wuta, abin da ya kuɓuce iska ta kwashe shi ta rataye a ƙaya, akuya ta ci ta kumbura. Ƙunzugun yara na zamani ya zo ya ƙara dagula lamarin, don shi ba ya ruɓewa, ba ya kuma ƙonuwa da daɗi.

A ganina nan ne asalin matsalar albashin take, ko da yake ba a cika haɗa su ba. Muddin shara tana da mai saye, kwasarta tana biyan kanta. Da leda ta rage mata daraja, sai kwasar ta koma nauyi, nauyin kuma ya gangara kan wanda ya fi kowa arha.

A lungunan Rijiyar Zaki wannan mai arhar yaro ne. Wani almajiri ne, wani ɗan unguwa ne da makaranta ta gagara, wani saurayi ne ɗan ci-rani da ya yi hayar baro. Matar gida ta leƙo ta ce, “Kai ɗan malam, zo ka kwashe min sharar nan.” Ya ce, “To Umma, nawa za ki ba ni?” Ta ce ya je ya dawo. In ya dawo ta miƙa masa N100 ko N200, wani gidan kuma ragowar tuwo ne ladan. Ba shi da safar hannu, ƙafarsa silifa ce ko babu. A cikin buhun akwai reza, akwai fasasshen kofi, akwai sirinjin da aka yi wa mara lafiya allura a gida ko a kyamis aka jefa. In ya yanke, ya ɗaure da tsumma ko leda ya ci gaba. Allurar tetanus ba ta cikin lissafinsa, balle ta ciwon hanta. Kuma tunda babu bola ta hukuma a kusa, sai ya kai kangon wani ko bakin kwalbati ya juye. Mai kangon ya kama shi ya zane. Damina ta zo, kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, sai a ce laifin yaran nan ne masu zubar da shara barkatai. Wanda ya aike shi da kuɗin da bai isa ya kai shi nesa ba, da wanda ya yanka filaye bai bar wurin bola ba, babu mai ambatonsu.

Bayan yaron sai ɗan jari bola. Shi ba a biyansa don ya kwashe, shi ke biyan kansa da abin da ya tsinta: ƙarfe, gwangwani, tagulla, robar lemo, tsohon takalmi. Ya cika buhu ya kai wa mai sikeli a auna da kilo, mai sikeli ya tara ya sayar wa babban dila, daga nan kaya su tafi masana'antun da ke narka roba da ƙarfe. Duk wani abu da ake kira sake sarrafa shara a Kano, a kan wuyan mutanen nan yake tafiya. Amma farashi ba a hannunsa yake ba, sikelin ma ba nasa ba ne, kuma sau da yawa da jarin ubangida yake fita, don haka ba shi da ikon kai kayan wani wuri. Ga zargin sata da ke biye da shi duk inda ya shiga. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar lantarki, kuma mazauna unguwa suna da hujjar yin fushi. Hukumomin Abuja sun hana sana'ar a cikin birni a farkon 2025. A Borno an hana ta a 2023, bayan an kashe masu neman ƙarfe da dama a dazukan da rikici ya ci. Hani yana korar mutum daga titi, amma ba ya rage ko kilo ɗaya na robar da gari ke zubarwa. Rajista da katin shaida da sanin ubangidan kowa sun fi kusa da raba ɓarawo da mai neman halak.

Sai kuma na gwamnati. Hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, an kafa ta a 2003. Ita ke da tifofi da motocin lodi, ita ke kai shara manyan jujuka irin na Maimalari da na wajen Sansanin Alhazai. Ma'aikatanta iri biyu ne: na dindindin masu matakin albashi da fansho, da na wucin gadi, waɗanda su ne mafi yawan masu riƙe tsintsiya da shebur. Da yawansu mata ne, cikinsu akwai zawarawa da iyayen marayu da waɗanda shekaru suka ja. Tun da asuba suke fita, sun sunkuya a gefen titi suna share yashi, motoci na wucewa a guje ta bayansu. Wanda ya san titin Gwarzo da sassafe, lokacin da manyan motoci da motocin tasha ke rige-rigen fita, ya san irin kasadar da ke cikin tsayawa a tsakiyarsa da tsintsiya. Da hunturu ƙura ce take shaƙa har ta gama. Masu bin tifa kuma suna tsaye cikin jujin da ya kwana yana hayaƙi, suna loda shi da shebur.

A 2021 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa aikin ga wani kamfani mai suna Capegate. Shara ta taru a tituna, jama'a suka yi ta ƙorafi, a 2022 gwamnati ta soke yarjejeniyar ta maido da aikin hannun hukuma. Legas ma ta gwada irin haka da kamfanin Visionscape a wajen 2017, ba a wanye lafiya ba. Ba na cewa ɗan kasuwa ba shi da wuri a harkar shara. Abin da na lura shi ne, duk sanda aka yi irin wannan sauyi, ana tattauna motoci da kwangila da wa'adi, mai tsintsiya kuwa sai dai ta wayi gari ta ji an ce yanzu wane ne mai biyanta, ko kuma ta rasa wa za ta tambaya.

Me ya sa ake iya biyan mutum N20,000 alhali doka ta ce N70,000? Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa, wadda aka ɗaga daga N30,000 a watan Yulin 2024, ta bar ƙofofi a buɗe. Ba ta hau kan masu aikin 'yan sa'o'i ba, ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, haka masu aikin jinga da na lokaci-lokaci. Ta waɗannan ƙofofi ake fitar da masu shara. A kira su na wucin gadi, a kira abin da ake ba su alawus, shi ke nan. Alhali akwai matan da suka shekara goma ko fiye suna share titi ɗaya. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Dokar biyan diyya ta 2010 ta tanadi asusun da ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki da wuya ya ci moriyar ko ɗaya.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Ana cewa aikin sa'a uku ne ko huɗu, mace ta gama da hantsi ta koma gida ta yi sana'arta. Ana cewa da a ɗauki mutum 700 a biya su cikakken albashi, gara a ɗauki 2,000 kowa ya samu ɗan abin sawa a baka, tunda dama taimako ne ga marasa ƙarfi. Ana cewa kuɗin gwamnati ba su da yawa, ga malamai ga asibitoci ga 'yan fansho. Akwai gaskiya a ciki, kuma na san matan da za su ce a bar su da N20,000 ɗin da a sallame su. Amma ko da lissafin rabin yini aka bi, rabin N71,000 ya haura N35,000. Sannan wannan tunani na cewa taimako ake yi musu shi ne ya sa ake iya riƙe kuɗinsu wata da watanni ba tare da an ga an yi wani babban laifi ba. Wanda ake taimaka wa ba ya tsayawa ya ce a ba shi ranar kaza. Ga ma'aikacin da ke da rufin asiri, jinkirin albashi takura ce. Ga mai N20,000, jinkirin wata 9 yana nufin bashin mai shago, da cire yaro daga makaranta, da sayar da akuya ko katifa. Ranar da aka biya ta a dunƙule, kuɗin masu bin bashi ne, kuma darajarsu ta riga ta zube, don tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin abinci da na mota bai tsaya wuri ɗaya ba.

Wannan ba ciwon Kano kaɗai ba ne. A birnin Memfis na Amurka, a watan Fabrairun 1968, wata tsohuwar motar shara ta murƙushe ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, da suka fake a cikinta saboda ruwan sama. Abokan aikinsu kimanin 1,300 suka tafi yajin aiki kan albashi da kayan aiki da mutunci. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Bayan kwana 12 hukuma ta amince da ƙungiyarsu ta ƙara musu albashi. Abin da masu sharar Memfis suke da shi, wanda na Kano ba su da shi sosai, shi ne ƙungiyar da za ta yi magana da murya ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwadago namu sukan zauna da gwamnati kan albashin masu mataki, na wucin gadi suna waje.

Misalin da ya fi kama da halin Rijiyar Zaki yana birnin Pune na Indiya. A can masu tsintar bola, yawancinsu mata, sun kafa ƙungiya a 1993, daga baya suka kafa ta haɗin gwiwa mai suna SWaCH, wadda ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birni a 2008. Tsarin ba shi da wuya. Kowace mai kwasa tana da gidajen da aka ba ta. Kowane gida yana biyanta kuɗi sananne a wata, hannu da hannu. Abin da ta tsinta na sayarwa nata ne. Hukuma kuma tana ba da kura da kayan aiki, tana kuma aiko mota wurin da aka tara. Ba a kawo baƙon kamfani an kori masu aikin ba, waɗanda ke yi ɗin aka ba matsayi.

Kusan duk abin da wannan tsari ke buƙata muna da shi. Muna da masu unguwanni da dagatai da suka san kowane gida. Muna da kwamitocin unguwa da ke tara kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma wata-wata, ba tare da an jira gwamnati ba. Tsarin Mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ake maganar kuɗinsu su riƙa isa hannunsu kai tsaye. Ungogo tana iya sayen fili ɗaya ko biyu a kowace mazaɓa tun kafin a gine sauran, ta katange a matsayin matattara, ta yi wa samari masu baro rajista, ta ba su takalmin roba da safar hannu da allurar rigakafi, ta sa su cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Mai unguwa da jama'arsa su yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata. REMASAB ta ɗauki alkawarin ranar da tifa za ta zo, ta kuma cika. Tsaftar ƙarshen wata, da ake hana zirga-zirga ranar Asabar da safe, ba za ta iya maye gurbin wannan ba, don sau nawa ake yashe kwata a tara a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwa ya mayar da shi inda aka ciro shi.

Maganar yara ita ce mai nauyi, kuma ba na jin akwai amsa mai sauƙi. In aka ce manya kaɗai za a yi wa rajista, kuma haka ya kamata, almajirin da ke samun na sabulu da na koko daga kwasar shara zai rasa. Amma ba za a gina tsaftar unguwa a kan yaro ɗan shekara goma yana dama hannu cikin allurai ba. Gidan da ya saba aikensa yana iya ci gaba da ba shi abinci ba tare da ya ɗora masa buhun shara ba, a bar buhun ga wanda aka ba kayan kariya.

Ga masu tsintsiyar gwamnati, abubuwan da ake nema ba su da yawa: takardar ɗaukar aiki, ranar biya da ba ta motsi, kuɗi su shiga asusun mai aikin kai tsaye, albashin da aka auna da mafi ƙarancin albashin jiha gwargwadon sa'o'in aiki, riga mai ƙyalli da direba zai hango da asuba, da diyya in mota ta buge. Ko da ninka N20,000 aka yi wa mutum 2,369, ƙarin bai kai naira miliyan 50 a wata ba. Jihar da ke gina gadoji na biliyoyin naira tana iya ɗaukar wannan.

Daga ina sauran kuɗin za su fito? Wani ɓangare yana cikin sharar kanta. Buhun takin zamani ya daɗe da haura N30,000, wato ya fi albashin mai shara na wata, kuma manoman Ungogo da Tofa da Dawakin Tofa suna neman takin gargajiya ido rufe. Abin da ke hana su biya da kyau shi ne aikin tsince leda da kwalba da ke jiransu a gona. Da gidaje za su ware toka da ɓawo da kashin dabbobi a buhu guda, leda da roba a wani, da mai baro ya samu kaya iri biyu masu kasuwa: ɗaya na manomi, ɗaya na mai sikeli. Matan gida ba baƙin wannan ba ne, sun saba ware dusa da ƙanzo don mai kiwo, sun saba tara robobi don mai jari bola. Matattarar da aka katange tana iya zama wurin da taki zai kwanta ya ruɓe daga kaka zuwa bazara, a sayar wa manoma da tifa ko da amalanke a watan Afrilu, kuɗin su shiga asusun ƙungiyar masu kwasar. Filin da za a yi hakan a Rijiyar Zaki yana nan tukuna, amma dillalan filaye suna yanka shi kowace rana, kuma farashinsa na bana ba shi ne na baɗi ba.